Kazata a ƙarƙashin keken Tela

Ƙanena tela ne, kuma ko mu 'yan gida Tela muke ce masa. Shagonsa na jikin nawa, bango ɗaya ya raba mu. Ni kafinta ne, kowane ƙarfe nawa yana da ƙusar da nake rataye shi. Shi kuwa in ka shiga shagonsa sai ka yi ta tsallake ƙyallaye, almakashinsa ma sai ya ɗaga abu uku kafin ya gan shi. Amma can mutane suke zama. Tun muna yara haka yake: ni in yi aiki, shi a yi hira da shi. Ba na ɓoyewa, abin yana cin raina.

Da mahaifinmu ya rasu, ni na ɗauko Inna. Na gyara mata ɗaki, na yi mata gado da hannuna. Ta zo da kaza guda, wake-wake, ta ce ta ba ni. Na ƙera wa kazar akurki mai ƙofa da sakata, har da rufin kwano.

Sai kaza ta fara ɓacewa. Ashe ƙwai take sakawa cikin kwandon ƙyallayen Tela, daidai ƙarƙashin keken ɗinki. Ran da na gano ta, ta riga ta fara kwanci. Ta baje, ta kumbura, ido ya yi ja. Na miƙa hannu ta sare ni. Shi kuwa ƙafarsa na taka keke dab da kanta, ko gezau.

"Yaya, ƙyale ta," in ji Tela. "Mai kwanci ba a canza mata gurbi. Dubi yadda take juya su da baki, don ɗumi ya kai ko'ina."

"Kazarka ce ko tawa?"

"Taka ce mana."

Na kwashe ƙwan a hulata, na cafke kazar, na kai akurki na danna sakata. Ta ƙi zama. Ta yi ta zagaye tana kuka, tana tattaka ƙwan. Da na buɗe in sa mata ruwa, sai ta bi ta tsakanin ƙafafuna, fir, sai shagon Tela. Na bi ta na tarar ta kwanta a kwandon da babu komai ciki sai ƙwaryar zare guda, ta tura ta ƙarƙashin fiffike. Masu zaman shagon suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Tela bai yi ba, wannan ya fi ba ni haushi.

Ƙwai suka fara sanyi. Dole na sake kwaso su a hular nan na mayar mata kwandon, ina tafe ina zagin kaza.

Ta ƙyanƙyashe duka sai ɗaya, wanda ya fi daɗewa a sanyi, ya zama baragurbi. 'Yan tsakin nan kuma ko na watsa tsaba a ƙofata ba sa zuwa. Da keke ya fara ƙara sai su ruga ƙarƙashinsa, don ita suka saba ji tun suna cikin ɓawo.

Inna ta ce a kai ta ta gan su. Na riƙo hannunta muka shiga. Tela ya ture ƙyallaye daga kan benci, bencin ma ni na ƙera. Ta zauna, 'yan tsaki na hawa ƙafarta, tana dariyar da ban ji ta yi ba tun rasuwar Baba. La'asar ta yi na ce ta taso mu koma.

"Je ka, Babba," ta ce. "Ɗakin da ka yi mini ba abin da ya rasa. Shiru ne ya yi masa yawa."

Washegari ta aiko daga wajen Tela a ɗauko mata tabarma da buta. Ni na kai. Da zan fito na ga baragurbin nan a gefen kwando, ba wanda ya kula da shi. Na ɗauka na fita da shi.