Gezar da Ta Sunkuyo Jin Labari

Gidanmu gidan makaɗan noma ne, a wani ƙauye bayan duwatsu, ta hanyar da ake bi a shiga Limawa. Lokacin ba a daɗe da zuwan Turawa ba. Labarinsu dai muke ji a bakin fatake, mu kuwa abin da ya dame mu gero da ganga. A gidan nan akwai doka guda: yaro ba ya fita gayyarsa ta farko da gular ubansa. Sandar da zai doki ganga da ita, shi zai saro ta, shi zai fere ta, shi zai lanƙwasa mata kai.

Daminar da Baba ya ce na isa rataya ganga, ban yi barcin kirki ba don murna. Na hau dutse na saro rassan geza ɗanyu, na zauna da wuƙa na fere su sumul. Matsalar tana wajen lanƙwasawa. Sai in gasa reshe sama-sama, in ɗora a gwiwa, in danna, sai in ji ƙas! Haka na yi ta ɓarna har saura ɗaya tal.

Baba ba mai yawan magana ba ne. Ya dubi tarkacen ya ce, "Gula tana son kwanaki a ɗaure kafin ta bushe. In ba ka ɗaure taka yau ba, ba za ta kai gayyar gonar Maigari ba. Ɗanladi ɗan baffanka zai riƙe gangar."

Ɗanladi! Yaron da na girme shi da shekara guda. Tuwon daren nan ban san ta inda ya bi ba.

Bayan isha'i muka taru ɗakin Iya, mahaifiyar Baba, kamar kullum. Wutarta ba ta mutuwa ko da damina, wai don sauro da ciwon gwiwa. Ana yayyafi a waje, ɗakin yana ƙamshin hayaƙi da daddawa. Ta gan ni rungume da sanda, fuska a murtuke.

"Maigidana, wa ya mutu?" in ji ta. "Miƙo nan in gani. Ashe haka za ka riƙe ni in na tare, da ƙarfin tsiya?"

Yara suka fashe da dariya. Ta sa na shafe kan sandar da man shanu, na naɗe shi da jiƙaƙƙen ganyen kalgo, na tura cikin toka mai zafi a gefen murhu.

"Hannunka ne zai lanƙwasa, ni ba ruwana," ta ce. "Amma kada ka kuskura ka taɓa ta sai tatsuniyata ta ƙare. To, ga wata nan tafe, ku ba ta wuri."

Muka ce ta shigo.

Wai wani makaɗi ne gularsa ta karye ana gobe biki, ya shiga daji neman wata. Ya je wurin kuka, kuka ta ce ita duk girman banza ne, cikinta taushi, ya je wurin aduwa. Aduwa ta ce ita ƙaya gare ta, ba ta son wasa, ya je wurin marke. Marke ya ce shi an haife shi a miƙe, a miƙe zai mutu. Kowace bishiya da muryarta a bakin Iya. Kuka tana magana kamar mai mura, aduwa kuwa sak muryar wata maƙwabciyarmu mai faɗa.

Ni dai hankalina yana toka. Na san tatsuniyar, na san daga marke sai geza. Amma Iya ta miƙa hannu kamar mai gyara itacen wuta, ta ɗan latsa sandar da babban yatsa, sai ta aika makaɗin wurin tsamiya.

Ƙanwata Hansai ta yi zumbur ta ce, "Iya, ran nan ai babu tsamiya a ciki!"

"Bayan ruwan jiya ta tsiro. Ke kika je dajin ko ni?"

Daga tsamiya sai kanya, daga kanya sai magarya. Gani nake sandata tana ƙonewa, Ɗanladi yana rataye da gangar Baba. Na kai hannu, ta buge shi da mafici ba ta ko dube ni ba.

Can dai makaɗin ya iso wurin wata 'yar geza a gindin dutse, a gajiye. Bai roƙe ta komai ba, ya zauna kawai. Geza ta tambaye shi daga ina, ya fara ba ta labarin wahalarsa tun daga farko. Muryarsa ta dushe don gajiya, sai geza ta riƙa sunkuyo da kai don ta ji, tana sunkuyowa, tana sunkuyowa. Kafin ya gama, kanta ya lanƙwashe. Ta ce ya yanka ya tafi da shi.

"Shi ya sa kan gula yake a sunkuye," in ji Iya. "Nan ta tsaya. Ɗauko, maigida. A hankali."

Na zaro ta tana tururi, na ɗora a gwiwa. Wallahi kamar ba icen da ya yi ta karye min ba. Ta biyo hannuna salin alin. Na ɗaure ta da igiyar rama, na ji wani daɗi har da ƙwalla. Ranar gayya ni na shiga gaban manoma, kuma da gular nan na yi kiɗa har kanta ya cinye.

Na daɗe ina ɗauka Iya mantuwa take yi, shi ya sa dajinta yau kaɗan, gobe da yawa. Sai da na girma na gane yawan bishiyoyin gwargwadon kaurin sanda ne. Ta san in ta ce min in yi haƙuri ba zan ji ba, don yaro bai san tsawon haƙuri ba, amma ya san tatsuniya ba a tashi sai ta ƙare. Ba ta taɓa yi min wa'azi ba, zaunar da ni kawai ta yi har icen ya yarda.

Yanzu jikana yana koyon kafinta a cikin gari. Suna da injin da ke juya ice, kafin ka gama gaisawa ya fere sanda santal. Na yaba, don ko Baba bai iya fitar da irin wannan santsin ba. Sai dai injin bai iya lanƙwasa kai ba, dole jikan nawa ya kawo min bakin wuta. Shekaranjiya ya zo da gularsa ta farko. Muka tura ta a toka, na fara tatsuniyar. Ina kan magarya na ga yatsunsa sun fara motsi, na latsa sandar na ji da saura. Sai na aika makaɗin wurin giginya.