Daminar da Muka Tashi daga Gidan Hajiya Tasalla

Ranar wata Lahadi ce, ranar kasuwar Tahoua, a farkon damina, ba a daɗe da samun ƴancin kai ba. Ina tsakar gida muna ƴar carafke da ɗiyan maƙwabta sai ga Kawu Idi, ƙanen Baba, ya shigo ƙafafunsa duk laka. Daga garinmu Affala ya taso. Bai gama shan ruwan da Inna ta miƙa masa ba ya ce kakanmu ya faɗo daga bisa rumbu ya karye a cinya, ga shi an yi ruwan shuka, shi kaɗai ba zai iya da gonaki biyu ba, geron iri kuma an cinye shi tun bazara. Baba ya ajiye takalmin da yake ɗinki.

Baba baduku ne. Bayan girbin bara ya kawo mu birni neman kasuwa, muka kama ɗakuna biyu a gidan Hajiya Tasalla, wata Bamaraɗiya mai sana'ar man gyaɗa. A gaban mai unguwa aka yi magana: shekara guda za mu zauna, Baba ya ba da kuɗin wata uku ajiya, in mun tashi kafin lokaci ajiyar ta zama tata. Awakin Inna biyu aka sayar aka haɗa kuɗin. Ni dai na ji daɗin gidan nan. Da asuba ƙarar turmi ke tashe mu, ƙamshin soyayyar gyaɗa ya cika ko'ina. Kafin in rataya allona in tafi lakkwal, wato makarantar boko, sai na je rijiya na cika randar Inna, da marece mu taya Hajiya ɓare gyaɗa muna satar ci. Kullum maganarta ɗaya ce: "Ku share mini gida kahin ku ci mini ƙuli."

Washegari Baba ya ɗauki mai unguwa suka zauna da ita a zaure, don ya roƙe ta ta maida masa ajiyar mu koma gida, ni ina maƙale a bayan asabari. Hajiya ta saurare shi har ya gama, ta yi wa kakanmu addu'a, sannan ta ce, "Abdu, ban kore ku ba. Saboda ku na maida wani mushe, malamin lakkwal, da ya zo neman ɗakin nan. Yanzu damina ce, wa za ya kama ɗaki kahin a buɗe lakkwal?" Mai unguwa ya ce gaskiya tana wajenta, abin da aka shirya ke nan. Baba bai yi gardama ba. A ranar na ji haushin matar nan ƙwarai, sai da na girma na gane cewa mijinta ya rasu, kuma da kuɗin haya take ciyar da marayun ƙanenta. Da ya dawo ɗaki, Baba ya fara naɗe fatunsa da wuƙaƙe da basillu, ya ce zai sayar da su ya sayi iri. Ko ni na san in kayan nan suka tafi, ba mu da abin yi da rani.

Inna kuwa ta shiga neman wata dabara. Da ma tana kai fura ƙofar asibiti, ta kuma lura da wata ungozoma da aka turo daga Dosso, wadda ke raɓe a ɗakin wata abokiyar aikinta. Da hantsi ta ɗora mini ƙwarya muka tafi. Matar ba ta jin Hausa sosai, Inna ba ta jin Zabarmanci, don haka aka tura ni gaba da ɗan Faransancin da na tsinta a aji. Na ce mata akwai ɗaki, akwai rijiya kusa, mai gidan mace ce. Ta yi dariyar yadda nake karya harshe, amma da la'asar sai ga ta a gidanmu. Ta leƙa ɗakunan, ta duba makewayi, ta ce ta kama.

Hajiya ta shiga ita ma ta duba. Ta shafa bango inda hayaƙin murhu ya baƙanta, ta nuna inda ruwan jima ya ci daɓe. Ta fito ta kwance bakin zanenta, ta ware kuɗin wata guda na gyara, ta miƙa wa Baba sauran. "Hakkina ne in riƙe duka, kowa ya ji," in ji ta. "Amma ba ni cin ɗaki guda sau biyu." Baba ya amsa da hannu biyu, ya zauna bisa turmi, ya yi ta godiya. Inna ta juya baya tana gyara ɗaurin kallabi, na ga tana murmushi.

Muka sayi iri muka kama hanya da jakin Kawu Idi, kayan dukanci ɗaure a bisa kaya. Ƙasa na da sauran laima muka isa. Baba na gaba yana sara da sungumi, ni ina bayansa ina zuba gero ina rufewa da dunduniya. Kakanmu ya warke, ko da yake da sanda ya ƙare rayuwarsa.

Yau ƴaƴana suna haya a birane, wasu ba su taɓa ganin fuskar mai gidansu ba, sai dillali da takarda. In an sami saɓani kowa ya nufi ofis. Na san takarda tana tsare mutane, ban raina ta ba. Ina dai kewar lokacin da mai gaskiya kan zauna da kai a zaure, ta gaya maka hakkinta, ta kuma dubi halin da kake ciki.