Shinkafar Juma'a a Ɗakin Kaka

'Yata mai karatun kimiyya ce ta miƙo mini wayarta in ga hoton wani tauraro sabon haihuwa. Faifan ƙura ne ya kewaye shi, a cikin faifan kuma ga layuka sun murɗe kamar bayan dodon koɗi. Ta ce masana na zaton wani lokaci wata duniya ce da ba a gani take tasowa a ciki, tana jan ƙurar. Na ce mata ni dai ƙwaryar kakata nake gani.

A gidanmu na Kabara, regen shinkafa aikin kaka ne, uwar mahaifina. Ka san shinkafar da, rabinta tsakuwa. Da hantsi za ta zauna gindin rijiya ta yi ta juya ƙwarya a hankali, ƙaiƙayi ya taso yana zana irin waɗannan layukan a kan ruwa, tsakuwa ta kwanta a ƙasa. Ni nakan tsuguna ina kallo har kaina ya soma juyawa, ta kore ni wai zan faɗa mata ciki.

Girki ya riga ya fi ƙarfinta, saƙa ma haka. Regen nan kaɗai ya rage mata, kuma da shi take jin tana ciyar da gidan. Da yanar ido ta soma rufe mata gani, hannun kuma ya kama rawa, sai tsakuwa ta fara tsallakewa. Mahaifiyata ta ba da shawarar a hutar da ita. Baba ya ce ranar da aka karɓi ƙwaryar nan, ranar za ta kwanta. Sai Umma ta koma sake regewa a ɓoye.

Amma ta Juma'a kaka da kanta take zubawa a tukunya, Baba kuma a ɗakinta yake ci bayan an sauko masallaci. Wata Juma'a da damina, ina zaune bakin ƙofa, na ji ƙaras. Baba ya tsaya cak, idonsa ya kawo ruwa. Shi ne ɗanta na fari, ba ta yi masa magana kai tsaye, don haka ni ta juyo wa.

"Ke, tambayi ubanki me ya tauna."

"Ƙanzo ne, Inna," in ji shi. Ya kora da ruwa, ya ƙara loma.

Tausayinsu ya kama ni su biyun, har yau ban san wanda ya fi ba ni tausayi ba. Haka ta ci gaba da regenta har shekarar da ta rasu.

Yanzu shinkafa a wanke take zuwa cikin buhu, yaranmu ba su san rege ba. Baba ya tsufa, a gefe ɗaya yake tauna. Na sha cewa mu je a gyara masa haƙorin da ya fashe ran nan. Kullum sai ya ce a bar masa abinsa.