Rajista Uku a Teburin Malam Isa

Wata Litinin ce da hantsi, a shekarar da aka fara tare ruwa a madatsar Bakolori, ina aji shida a firamare a Talata Mafara. Yaran ƙauyukan da aka tayar sun cika mana aji, wasu a benci, wasu a tabarmar kaba, kuma kowane rukuni ya zo da rajistar tsohuwar makarantarsa. Sai rajista ta zama uku. Ni ce monita, don haka malaminmu, Malam Isa, ya ce in kwafe sunayen duka a takarda ɗaya, za a aika don jarrabawar shiga sakandare.

Sauri nake yi. Ƙawayena na gindin dogon yaro suna 'yar gala-gala, a gida kuma ga surfe, ga furar da zan kai wa Baba gonar albasa. Na baje rajistocin gaba ɗaya a teburi, na danne shafukan da duwatsu, in ɗauko suna nan, in tsallaka can. Kafin a kaɗa ƙararrawa na gama, har ina jin kaina.

Bayan mako biyu aka kira sunayen masu jarrabawa, babu na Hauwa'u, wata siririyar yarinya daga wajen Maradun wadda ta fi mu duka lissafi. Ba ta yi kuka ba, littattafanta kawai ta tattara ta fita. Da na duba rajistar tsohuwar makarantarsu, ga sunanta a ƙasan shafi, daidai inda na ɗora dutse. Malam bai dake ni ba. Sau biyu yana hawa kekensa zuwa ofishin ilimi kafin a yarda a saka sunan. Sannan ya zaunar da ni, ya tura mini rajista ɗaya, ya dafe sauran da hannunsa. "Ɗiyata, buɗe guda, ki karanta ta har ƙarshe, ki rufe, kana ki ɗauko wata."

Yau aikina rubuta manhajar kwamfuta ne. Kwanan baya wata matashiyar abokiyar aiki ta nuna mini abin da ta rubuta don karanto layuka daga fayiloli da yawa. Ta buɗe su duka a lokaci guda, ta manta rufe wasu, aikin ya cakuɗe. Muka gyara tare: a bi jerin fayilolin, a buɗe ɗaya, a karanta layi bayan layi, a rufe, a wuce na gaba. Ta ce, "Hajiya, a wane littafi kika ga wannan?" Na ce mata a aji shida.

Yanzu na'ura kan karanta dubban layuka kafin in kurɓi shayi, amma ba ta san fuskar kowa ba. Hauwa'u ta ci jarrabawar, aka tura ta Sakkwato, ban sake ganinta ba. Har yau ban ba ta haƙuri ba.