Mitsuyo da Gwangwanin Barkono

Shekara hamsin da biyu Mitsuyo Hatakeyama ta yi tana hawa dutsen bayan ƙauyensu a Akita, tana yanko tohon gora da ganyen miya. Makaminta ƙararrawa ce a ƙugu, sai rediyon da ba ya kama komai sai labarin ruwan sama. Da beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai farata, ta fara saukowa tana raunata mutane a gona, 'yarta Kanae ta aiko mata da gwangwanin feshin barkono daga Sendai, haɗe da sharaɗi: ko ta riƙa yawo da shi, ko ta koma birni wurinta, hawa na tara, inda ko kabewa ba a shukawa.

Mitsuyo ta ajiye kyautar kwana uku gaban hoton marigayi mijinta, don shi ma ya gani. Sannan ta naɗe ta a ƙyalle, ta yi ƙulli uku, ta tura can ƙasan kwando ƙarƙashin dunƙulen shinkafarta. Kyautar 'ya ai ba a bari ta ƙarje.

"Yaya Mitsuyo," in ji maƙwabcinta Tokuji, "kafin ki kwance wannan ai beyar ta gama da ke ta wanke hannu."

"Kai za ta fara ci, mai ciwon gwiwa."

"Ƙashi zalla? Tana da hankali."

Da Kanae ta zo hutu, ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Mama, ni ce beyar. Ga ni nan tafe."

Beyar ta tako a hankali, ta cire takalmi, ta zauna, har ta zuba shayi. Mama tana ƙulli na biyu.

Kanae ba ta yi dariya ba. "Lahadi za mu tafi. Ki haɗa kaya."

Mitsuyo ba ta haɗa ba. Ta cire lauje daga ƙugunta na dama, inda hannu ya saba zuwa tun tana amarya, ta rataye gwangwanin a wurin, tsirararsa. Lauje ya koma hagu.

Ranar Lahadi da safe Kanae ta fito da jaka ta ce, "Ga be..." Sai ga gwangwani daidai hancinta.

"Sauke, Mama, sauke! Na gani!"

Kanae ita kaɗai ta hau jirgin ƙasa, da tohon gora cike da jaka.

Har yau Mitsuyo ba ta fesa wa kowa ba. Sai dai Tokuji ya ce ya sha ganinta ta durƙusa za ta yanki toho, ta zaro gwangwani a maimakon lauje ta auna tohon, sannan ta ba shi haƙuri.