Ranar da Motar Kawu Sale Ta Shiga Gaya

Gafasa

Ana idar da sallar asuba muka yaye tamfol daga kan motar, muka kori kazar da ta mayar da kujerar direba wurin kwanci. Ni ne da Kawu Sale, yayan mahaifiyata, tsohon bakanike. Motar ja ce, ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta dab da ƙasa kamar ƙadangare. Silinda shida gare ta da giya biyar, kuma duk wanda ya taɓa gaida Kawu ya san haka ko bai tambaya ba.

A faɗarsa, wani Bature da ya yi wa aiki yana saurayi ne ya yi tsere da ita cikin taɓo da duwatsun gabashin Afirka. Sau biyu ta zo ta ɗaya, sau ɗaya kuma ta kife wajen kauce wa raƙumin dawa. Da Baturen zai koma gida ya bar masa ita, ta zauna a kan turaku ba taya, shekara da shekaru. Abokansa na majalisar bakin kasuwar Gaya ba su taɓa ganinta ba, sai dai su kira shi Sarkin Tsere suna ƙyafta wa juna ido. Bana ya ƙare rani a ƙarƙashinta har ta tashi. Amma yanar ido ta fara rufe masa gani, 'ya'yansa sun ce daga wannan fitar za su karɓe makulli. In majalisa ba ta ga motar tana gudu yau ba, shi ke nan, sunan maƙaryaci ya zauna masa. Wannan ne ya sa na bi shi, ko da yake ina tsoro.

Kan hanya

Wanda ya ƙera motar nan bai san mutanen Ajingi ba. A wurinmu mai mota ba ya wuce na ƙasa bai rage masa hanya ba. Ko gonakin gari ba mu fita ba muka ci karo da Inna Gambo da ƙwaryar fura a ka.

Na ce, "Kawu, kujera biyu ce fa."

Ya ce, "To, ita a ƙasa za mu bar ta? Sauka ka hau but."

Na hau but. Can gaba wani malamin allo ya ɗaga mana hannu, da buhun gyaɗa. Aka ɗaure buhun a gefena, malam ya zauna a kai. Cikin motar ya fara share yashi. Kowace ƙofar gida kuma sai Kawu ya tsaya an tambayi iyali da damina. Giya ta biyu ce iyakarmu. Wani mai amalanken shanu ya wuce mu, ya waiwayo cikin ladabi ya ce, "Baba, ko a ɗaura muku igiya?" Kawu ya ci gaba da tuƙi, amma na ga ƙeyarsa ta yi gumi.

Balan

Rana ta take muka iso. A shingen bakin gari jami'i ya zagaya motar, ya leƙa, ya ce, "Baba, ina sauran ƙofofin?" Kawu ya fara masa bayanin tseren duwatsu, bai kai wajen raƙumin dawa ba mutumin ya ɗage mana katako. A nan fasinjojinmu suka sauka. Inna Gambo ta dama mana fura, muka sha a gindin darbejiya, na koma kujerata.

Gaya

Da muka hau kwalta Kawu ya ce, "Ɗana, kai ne idona. In ka ga akuya ka faɗa." Ya sa giya ta uku, ya sa ta huɗu. Da ya sa ta biyar motar ta yi wani gurnani da ban taɓa ji ba, iska ta ɗauke mini hula. Ina salati, shi yana dariya kamar yaro. Na ce, "Ga majalisa nan!" amma kafin ƙafarsa ta lalubo birki mun bar kasuwa a baya. Sai can bayan gari muka tsaya, a nan kuma mai ya ƙare.

Da ƙafa muka dawo. Muka tarar majalisa a tsaye, kowa na nuna hanya. Malam Ɗanjuma, wanda ya fi kowa tsokanarsa, ya ce, "Sarkin Tsere, ka makara. Yanzu motar tsere ta gaske ta wuce, ja, ba irin taka ta baka ba."

Wani ya ce, "Ko direban ba mu gani ba. Wannan gwani ne, daga ganin yadda ya sha kwanar nan."

Na buɗe baki zan yi magana, Kawu ya take mini ƙafa. Ya gyara riga ya zauna a kan benci, idonsa ya ciko. Ya raɗa mini, "Bari su gama tukuna." Sannan ya dubi Malam Ɗanjuma ya ce, "Ban gani ba, ka san idon nawa. Ba ni labarinta tun daga farko."

Sai da ya sa suka maimaita masa har la'asar, sannan ya tashi ya ce su biyo shi bayan gari su taya shi turi.

Da magariba muka isa Gafasa, ni ke tuƙi. A ƙofar gida ya karɓi makullin ya miƙa wa babban ɗansa tun ba a tambaya ba. Mun gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, mun gode wa Inna Gambo da furarta, da dattawan Gaya da suka turo mu har gidan mai suna haki.