Makirufon Kunne

Kunne ake ce masa, don shekara ashirin da shida ya yi yana ɗaukar sauti a situdiyo ba a taɓa kama shi da kuskuren ji ba. Da gyaran rediyo ya fara, a wani shago ƙarƙashin bene. Gajere ne mai sanƙo, ba ya son hira. Abin alfaharinsa wani tsohon makirufo ne wanda kansa ya lotse, an naɗe gindinsa da salatif. Shi yake sa wa gangar ƙafa, babbar nan da makaɗi ke bugawa da taku. A cewarsa, sauran makirufo ƙara kawai suke ji, wannan kuwa har numfashin gangar yake ɗauka.

Ana nan sai Manaja ya kawo wani sabon ma'aikaci da ya yi karatun sauti a jami'a. Ya zo da makirufo a akwati mai soso, ma'aikata suka sa masa Ɗan Akwati.

"Kujera ɗaya ce a ɗakin nan," in ji Manaja. "Ran Laraba kowa ya ɗauki gangar da nasa makirufon. Zan saurara ban san na wane ba. Wanda na zaɓa shi ke zama."

Ran Laraba da hantsi Ɗan Akwati ya fara. Ya auna da tef, ya duba takarda, makaɗi ya taka, sauti ya fito tas. Kunne ya ji, amma fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Ya durƙusa ke nan zai kafa nasa, sai ƙofa ta buɗe. Matarsa ce, ta dafe wuya, kanta a karkace.

"Baban yara, ina filona?"

A sana'ar kowa ya san ana cusa filo a cikin gangar ƙafa don kada ta yi amo kamar rijiya. Na situdiyo ɓera ya cinye, shi ne Kunne ya ɗauko na gida sati biyu da suka wuce, ya kuma taya matar nema har ƙarƙashin gado.

"Ki bari zuwa azahar."

"Sati biyu ina kwana a kan zane. Na zargi mai wanki, na zargi ƙanwata, har mun daina gaisawa. Jiya matar makaɗin nan take ba ni labarin wani filo mai furanni da mijinta ke yabawa."

Makaɗi ya sunkuyar da kai yana gyara takalmin da bai kwance ba.

"Hajiya, aikinsa fa ake gwadawa," in ji Manaja.

"Ni ma wuyana aka gwada, ranka ya daɗe."

Ta zura hannu ta ramin gangar, ta zaro filonta, ta kaɗe shi, ta tafi.

Makaɗi ya taka sau ɗaya. Gangar ta yi kuka kamar an doki tankin da ba ruwa. Ɗan Akwati ya juya yana tari.

Kunne ya dubi ɗakin. Ba labule, ba bargo. Sai ya tuɓe kwat ɗinsa, wanda ba a taɓa ganinsa a wurin aiki babu shi ba, ya kwashe makullai daga aljihu, ya ninke shi uku, ya shimfiɗa a cikin gangar har ya taɓa fata. Ya ce a taka. Ya janye hannun kwat ɗin kaɗan. Ya tura makirufon ciki da faɗin yatsa biyu, ya karkata shi daga inda sandar bugun gangar ke sauka.

"Sake."

Da aka gama, Manaja ya juya baya ya rufe ido, aka kunna masa duka biyun. Na farko ya gyaɗa kai. Na biyu kuwa sai ya dafa ƙirji.

"Wannan. A nan na ji shi."

Ɗan Akwati ya rufe akwatinsa, ya zo ya tsuguna yana leƙen gangar. "Baba, ulu ne?"

"Rabi da rabi."

Kunne ya miƙa hannu zai ɗauki kayansa, Manaja ya riƙe shi.

"Daga yau kada wanda ya taɓa cikin gangar nan. Har kai."

"Kwat ɗina ne, yallaɓai."

"To ka zaɓa, shi ko kujera."

Da la'asar ya shiga gida a 'yar shara, kafaɗunsa a ɗage kamar kazar da aka fige. Matarsa na kishingiɗe a kan filonta, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ina kwat?"

"Ya samu aiki," in ji Kunne.